Garken Alhaji Djibrilla

Duk wanda ya zauna cikin 'yan Nijar na Greensboro a shekarar 2006 ya san Alhaji Djibrilla. In bai san fuskarsa ba, ya san muryarsa. Lodin kwalaye yake yi a wani sito da ke titin Wendover daga safe zuwa la'asar, amma in ya zauna cikin mutane sai ka rantse shi ya shimfiɗa titin. Abin da ya fi taƙama da shi kiwo ne. Kakansa, in ji shi, yana da shanun da in na farko ya sa baki a rijiyar Dakoro da hantsi, na ƙarshe ba ya shan ruwa sai magariba. Matarsa Tchima unguwarsu ɗaya a Maraɗi, ta kuma san kakan. Tela ne. Dabba ɗaya da Djibrilla ya taɓa riƙewa a duniya ragon layya ne, shi ma ya tsinke igiya ana saura kwana biyu Sallah, har yau ba a ji labarinsa ba.

A shekarar nan ƙungiyar 'yan Nijar za ta zaɓi sabon shugaba, a walimar da ake yi duk ƙarshen Yuli a bakin wani tafki can wajen Sedgefield. Djibrilla ya ɗora ransa a kan kujerar. Ya riga ma ya buga waya Maraɗi ya shaida wa dangi an ba shi, rantsarwa kawai ta rage, ya kuma aika an ɗinko masa babbar riga ta shadda mai aska takwas. Abokin takararsa Malam Tahirou mutum ne mai sanyin magana, ba shi da wata dabara sai kai marasa lafiya asibiti da ɗauko baƙi daga filin jirgi. Djibrilla ya ce wannan aikin direba ne, ba na shugaba ba.

A watan Mayu ɗaliban jami'a da ke haya a Glenwood suke tashi, su zube kujeru da katifu a bakin titi. Djibrilla ba ya wuce kayan banza. Ran nan ya dawo gida yana nishi, ɗauke da akwatin gilas rabi da ruwa. A ciki akwai wani kunkurun ruwa mai faɗin faranti, da jan zane a gefen kansa daidai wajen kunne.

Tchima ta ɗago kai daga tsintar shinkafa. “Wannan fa?”

“Dukiya.”

“Na ga tana da ƙafa huɗu. Wa ya rasu ya bar maka?”

“Ke matsalarki ba kya hangen nesa. Zauna in faɗa miki yadda ake cin zaɓe.”

“A zaune nake.”

Ya yi mata bayani. Mutanenmu a Amurka, in ji shi, sun lalace saboda rashin dabba. Gidan haya ya hana akuya, ya hana kaza. Amma ga dabba da ba ta kuka, ba ta tunkuyi, ba ta cin shukar maƙwabci, kuma Turawa suna roƙon a karɓe musu ita. Zai tara garke, ya raba wa kowane gida mace ɗaya a kan habbanaye. Tchima ta san habbanaye, al'adar makiyayan ƙasarsu ce: ka ba ɗan'uwanka dabba mace aro, ya riƙe har ta haihu, 'ya'yan su zama nasa, ya maido maka da uwar. Ba a ƙin karɓa, ba a sayarwa, ba a yankawa, kuma babban abin kunya ne a maido ta kafin ta haihu.

“Wanda kuwa dabbarka take gidansa,” in ji Djibrilla, “ba ya ɗaga wa wani hannu kana kallo. Ƙuri'a ke nan mai ƙafafu.”

“Masu ƙafafun da suke kwana kafin su ƙetare falo.”

Ya manna takarda a gidan wankin kaya na Glenwood cewa yana karɓar kunkurun da aka gaji da su. Cikin kwana goma aka kawo masa goma sha shida, da na farkon suka zama goma sha bakwai. Masu kawowa ba sa ko kashe mota, su miƙa bokiti su ja da sauri, wata yarinya har da rungumarsa tana hawaye. Djibrilla ya ce ka ga mutanen da suka san darajar makiyayi. Tchima ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mai ba da dukiya yana gudu ba.

Ta tambaye shi yadda zai gane mata cikinsu. Ya ce wannan ilimin gado ne: ka zuba wa dabba ido, wadda ta ji kunya ta maida kai ciki ita ce mace. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana zare ido. Duka goma sha bakwai suka maida kai.

“Kin gani? Garke duk mata. Ko kakana bai taɓa samun haka ba.”

“Shi ai allura yake kiwo.”

Ya raɗa musu sunayen shanu, babbar cikinsu ya kira ta Rahaji. Ran Asabar ya zuba su a mota ya bi gidaje. A kowace ƙofa sai ya yi jawabi, ya ambaci zumunci da al'adar kakanni, ya miƙa bokiti da hannu biyu. Ba wanda ya iya cewa a'a. Ka ce wa dattijo mai hula ba ka son habbanayensa, gobe labarin yana Maraɗi.

Ba a yi sati uku ba ya haɗu da Issaka, direban tasi, yana ɗingishi a ƙofar masallaci ran Juma'a. Shi aka ba Rahaji, kuma ba shi da inda zai sa ta sai bahon wanka, inda yake miƙa ƙafa in zai yi alwala.

“Malam Issaka, ya kiwo?”

“Kiwo lafiya lau, Alhaji. Jiya ma ta ci nama.”

“Madalla. Wane irin nama ka ba ta?”

“Nawa.”

Djibrilla ya ce alamar sabo ce, dabba ba ta cizon baƙo. Ya wuce wajen Gwaggo Oumaima, tsohuwar da ta haura saba'in, wadda in ta yi magana a ƙungiya ba mai ƙarawa.

“Gwaggo, ta haihu kuwa?”

“Djibrilla, kullum tana kallona ina kallonta. In akwai mai haihuwa cikinmu, ni zan riga ta. Kuma ɗakina wari yake kamar bayan mahauta. Jikokina sun daina zuwa, sun ce gidan kaka yana ɗoyi, da Turanci ma suka faɗa don kada in ji zafi.”

“Warin arziki ne, Gwaggo.”

“To zo ka kwashi rabonka.”

Maza dai kunya ta ɗaure su, ba mai iya maidowa. Mata ne suka samo hanya. Tchima tana da al'ada, duk Juma'a takan tuƙa tuwo ta aika gidaje a kwanuka masu murfi, kuma kowa ya san ba a maida kwano wayam, ko dabino uku ne sai an sa. Asabar da yamma Djibrilla ya dawo daga aiki ya tarar da kwanuka jere a tebur, kowanne a rufe.

“Kin ga abin da nake faɗa miki? Tun ban hau ba an fara gaisuwa.”

Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya ɗaga murfin farko. Rahaji ta miƙo wuya ta dube shi. Ya rufe. Ya ɗaga na biyu. Ya ɗaga na uku.

“Wane rashin mutunci ne wannan? An karya habbanaye.”

“Ba wanda ya karya komai,” in ji Tchima. “Kai ba a maido maka da dabba ba. Ni aka maido wa kwano, kuma ba a maido shi wayam ba. Kowa ya kiyaye al'ada. Gwaggo ma har da dabino ta sa, dabbar ce ta cinye a hanya.”

Kafin Juma'a ta zagayo duka goma sha bakwai sun dawo gida, suna bahon wanka suna hawan juna. Mutanen gidan suka koma wanka da bokiti a tsaye a gefe, ido goma sha bakwai sau biyu yana kallonsu.

Ana cikin haka Dinatu ta zo kitso wurin Tchima. 'Yar Zariya ce, tana karatun digiri na uku a jami'a kan halittun ruwa. Ta nemi shiga banɗaki, ta fito da sauri ba ta yi abin da ya kai ta ba.

“Anti, me nake gani a bahonku?”

“Shanun Alhaji ne. Ga shi nan, tambaye shi.”

Djibrilla ya gyara zama. Ya ce ai ya gama shawara, lokacin mashekari ya yi. Makiyayi ba ya tsare garke a gida da damina, tafki zai kai su su yi kiwo.

“Baba, don Allah kada ka sake su a ruwa,” in ji Dinatu. “Masu jan kunnen nan ba 'yan nan ba ne, daga can yamma ake kawo su ana sayarwa suna ƙanana. Ruwan nan yana da nasa, masu rawayan ciki. In ka zuba waɗannan sai su ƙwace musu abinci da wurin shan hantsi, su yi barbara da su, a wayi gari na asalin sun ɓace cikinsu. Kuma ba sa mutuwa da wuri, sukan yi shekara talatin, har fiye.”

“Wato baƙi ne.”

“Baƙi ne.”

“To mu fa? Ke da kike 'yar Zariya, a tafkin nan aka haife ki?”

“Ni da ƙafata na zo, Baba, na kuma san hanyar gida. Su a bokiti aka kawo su, wanda ya gaji ya zubar.”

“Kuma ba wanda muka hau bayansa don mu sha rana,” in ji Tchima, tana jan gashin Dinatu.

“To ina zan kai su, malamar kunkuru?”

“Akwai masu karɓa, amma duk wanda na sani ya cika. Sai dai ka riƙe, ko ka sami mai so da gaske. Af, Baba, waɗanda na gani masu dogayen farata da kaurin wutsiya ai maza ne. Sun kai goma sha biyu.”

Tchima ta saki gashin Dinatu. Ta dai ajiye matsefi ta juya ta dube shi, kallon da ya fi magana tsawo.

“Boko,” in ji Djibrilla, ya tashi ya shige ɗaki.

Washegari ya yi abin da ya ce duk makiyayi na ƙwarai yana yi kafin ya saki dabba: ya sa musu shaida. Ya samo farin fenti, ya rubuta lambar waya a bayan kowanne, don kada garkensa ya gauraya da na wani. Sannan ya kwashe su, ya haɗa da ludayin ƙarfe na Tchima da murfin babbar tukunyarta, ya nufi tafkin Sedgefield, wanda za a yi walima a bakinsa.

Sabuwar dabararsa ta fi ta farko girma. Kullum in ya tashi aiki sai ya tsaya a rumfar da ake cin abinci, ya buga ludayi a murfi, ya watsa burodi da latas a kan ciyawa. Da farko ba wanda ya kula shi sai agwagi. A kwana na biyar kawuna suka fara ɓullowa. A kwana na goma sha biyu, da jin ƙarar murfi sai su fito a jere har gindin rumfa. Ran zaɓe, a ƙarshen jawabinsa, zai ce shugaba shi ne wanda in ya kira ake amsawa, ya buga murfi, jama'a su gani da idonsu. Har a mota yake maimaita jawabin.

Ranar ta zo. Aka shimfiɗa tabarmi a ciyawa, aka yi sallar azahar, kowa ya zauna ba takalmi. Mata suka jera farantan shinkafa da dambu da latas a ƙasa. Djibrilla ya miƙe cikin aska takwas, sitaci yana ƙara, ya fara da kakansa. Yana cikin shayar da shanu a rijiyar Dakoro, bai ko kai rabin garken ba, Gwaggo Oumaima ta gaji. Abinci yana hucewa. Ta ɗauki ludayi ta rafka wa murfin tukunya sau uku.

“A zo a ci, ya ƙarasa daga baya.”

Aka kuwa zo. Ruwa ya motsa, kawuna suka fito, sai ga su suna hawowa, farar lamba a bayan kowanne, Rahaji a gaba. Ba su kaɗai ba, har da waɗansu da ba su da lamba, sun ga ana tafiya sun biyo. Issaka ne ya fara ganinsu. Mutumin da ya yi wata guda yana ɗingishi, tsalle ɗaya ya yi sai ga shi a kan tebur, ƙafafu a naɗe. Yara suka watse suna ihu da Turanci. Ɗaya ya shige farantin latas ya zauna a tsakiya kamar an gayyace shi, wani ya bi ta cikin dambu ya fita ta wancan gefen, wani ya shige takalmin liman ya ƙi fitowa.

“Ku kwantar da hankali,” in ji Djibrilla. “Ba yanzu ba ne. Ku koma. Rahaji, koma.”

Ya duƙa zai tare ta da hannu. Ta kama yatsansa ta riƙe, irin riƙon da ba ta yi wa Issaka ba.

Daidai nan wata farar mota ta tsaya. Wata ma'aikaciya ta fito cikin kayan aiki, an rubuta Angelina a ƙirjin rigarta, ita ke kula da tafkunan wajen. Kwanaki ke nan mazauna unguwar suna kai mata ƙara cewa wasu kunkuru masu rubutu a baya sun kore na tafkin daga gungumen da suke shan hantsi, amma duk wanda ta hango sai ya nutse kafin ta karanta. Yau ga su sun kawo kansu. Ta ɗaga ɗaya ta goge laka, ta tambaya da ladabi ko akwai wanda ya san mai su. Dinatu, wadda Tchima ta gayyato walimar, ta fassara wa dattawa.

Djibrilla ya ɓoye hannunsa cikin babbar riga.

“Ki faɗa mata,” ya ce wa Dinatu, “mu baƙi ne masu bin doka. Ban taɓa ganin dabbobin nan ba. Ni ko a gida ban iya kiwo ba, kakana tela ne.”

“Allahu akbar,” in ji Gwaggo Oumaima a hankali. “Yau shanun Dakoro sun ƙare.”

Angelina ta gyaɗa kai, ta ciro wayarta, ta dubi bayan kunkurun, ta danna lambobin ɗaya bayan ɗaya. Djibrilla bai ko motsa ba, don ya san tasa wayar ba za ta yi ƙara ba. Bai taɓa haddace lambarsa ba. Lamba ɗaya ya sani da ka a duniya, wadda yake bugawa sau goma a yini yana tambayar ina hularsa, ina makullin mota.

Waya ta yi ƙara a jakar Tchima.

Ta ajiye cokalin rabon shinkafa. Ta goge hannu a zane, ba gaggawa. Ta buɗe wayar ta kara a kunne, ga ma'aikaciyar nan taku biyar a gabanta.

“Halo. A'a, ba nawa ba ne. Ga makiyayin can mai babbar riga, wanda jini ke ɗiga daga hannunsa. In kin gama da shi ki ce ya maido mini da ludayina.”

Ba a buƙaci fassara ba.

Angelina ba ta ɗaga murya ba. Ta ce duk mai jan kunne sai ya fita daga tafkin nan, kuma wanda ya zuba shi zai kwashe, tana tsaye. Ta ciro raga da dogayen takalman roba daga mota. Takalman ba su shige shi ba. Haka Alhaji Djibrilla ya naɗe aska takwas ya shiga ruwa har ƙugu, shadda ta sha laka ta kumbura a bayansa, jama'a suna zaune a tabarmi suna cin abin da ya tsira na shinkafa suna ba shi shawara.

“Hagunka, Perzidan.”

“Kira ta da sunanta mana, ai ta san ka,” in ji Issaka daga kan tebur.

Tun da kowa yana wurin, Gwaggo ta ce a yi zaɓen a huta. Aka kira sunan Malam Tahirou, hannuwa suka tashi, har da wanda yake riƙe da cinyar kaza. Aka kira sunan Djibrilla. Hannu ɗaya ya tashi daga tsakiyar tafki, yatsa a naɗe da tsumma. Ya dubi Tchima. Tana rufe tukunya da hannu biyu.

Aiki bai ƙare ran nan ba. Sati biyu yana komawa, Dinatu tana nuna masa wanda zai ɗauka da wanda zai mayar, domin shi ko rawayan ciki ko jan kunne duk ɗaya ne a wurinsa. Da aka gama aka ƙirga: ashirin da huɗu. Ashe kafin shi ma akwai waɗanda suka gaji da nasu suka zubar a ɓoye, su dai ba su rubuta lamba ba. Aka buga wa duk masu karɓa waya, kowa ya ce ba wuri. A zaman farko da Malam Tahirou ya shugabanta, ƙungiya ta amince baki ɗaya cewa riƙon ashirin da huɗun nan yana wuyan Alhaji Djibrilla, a matsayinsa na wanda ya fi kowa sanin kiwo. Ita ce ƙuri'a ɗaya da ya taɓa ci ba hamayya.

Tchima ta ce bahonta ba zai sake ganinsu ba. Ya sayo manyan robobi uku ya jera a ɗakin da dā yake cewa zai zama ofishin shugaba. Ran Lahadi tana tsaye a ƙofa tana kallonsa yana canza musu ruwa, hanci a ɗaure da ƙyalle.

“Dinatu ta ce shekara talatin. Kai kana da hamsin da takwas. Ka fara tunanin wanda za ka bar wa, don ni na yafe tumunin takabata a cikinsu.”

Ya goge hannu, ya ce ta ara masa wayarta, tasa ta sha ruwan tafki. Ta ji shi daga kicin yana magana da ƙanensa na Maraɗi, muryar nan ta dawo daidai yadda take.

“Shugabancin? Na bar wa Tahirou, ba ni da lokaci. Kiwo ya riƙe ni. Goma sha bakwai na kai mashekari, wata guda, na dawo da ashirin da huɗu. Kuma galibinsu maza ne, ka ji ikon Allah.”